Isnadin Ma'auni: Tarihin Mita da Kilo da Daƙiƙa

Tun sa'ad da 'yan Adam suka fara zaman birane, suna noma fiye da abin da za su ci, suna biyan haraji, suna ciniki da baƙon da ba su san asalinsa ba, bukatar awo ta kama su, domin fatar baki ba ta raba gardama tsakanin mai ba da hatsi da mai karɓa, sai an sami wani abu na uku wanda dukansu suka amince da shi. Tsawo da nauyi da lokaci aka fara aunawa, kuma har yau su ne ginshiƙan ilmin ɗabi'ar halitta, wanda 'yan makaranta ke kira fiziks, ko da yake daga baya an ƙara musu huɗu sun zama bakwai. Kowane ma'auni amana ne, tarihinsa kuwa tarihin tambaya biyu ne: a hannun wa za a ajiye na asali, kuma ta yaya wanda yake nesa zai tabbata cewa abin da ke hannunsa daidai yake da shi.

Mafi tsufan shaida ta zo mana ne daga ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu. A birnin Lagash, wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa, an sassaƙa siffar wani sarki mai suna Gudea yana zaune da allo bisa cinyarsa, an zana ma'aunin tsawo mai tsage-tsage a gefen allon, siffar kuwa tana nan ajiye a birnin Faris. Mutanen wannan ƙasa sittin-sittin suke lissafi, shekel sittin mina guda, shekel ɗin kansa kuma nauyin ƙwayar sha'ir 180. Daulolinsu sun shuɗe, harshensu ya mutu, amma hisabinsu ya rayu, gama malaman falaki na Yunan sun ɗauke shi, na Musulunci suka gada daga gare su, shi ya sa har gobe sa'a take da minti sittin, minti yake da daƙiƙa sittin, da'ira kuma take da daraja 360.

Masarawa kuwa da kamu suke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamun sarauta yana da tafi bakwai, wato yatsa 28, santimita 52 ke nan da ɗoriya a awon yau. Da shi aka gina babbar dalar Giza, kowane gefe kamu 440, bambancin da ke tsakanin gefen nan huɗu bai wuce 'yan santimitoci ba, abin da ba zai yiwu ba sai idan dubban magina suna riƙe da sanduna masu tsawo ɗaya. Ana cewa duk maginin da bai kawo sandarsa an gwada ta da ta fada ba a kowane cikar wata, hukuncinsa kisa ne. Wannan labari ne da ake bayarwa. Abin da ya tabbata shi ne sandunan awo na itace da na dutse da aka tono a kaburburan manyan ma'aikatan Fir'auna, tsawonsu kusan ɗaya.

Da Musulunci ya zo a ƙarni na bakwai, awo ya ƙetare fada da kasuwa ya shiga cikin ibada, saboda Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu har sura guda ta ci sunansu, kuma saboda nisabin zakka, da zakkar fid da kai, da kaffara, da nisan tafiyar da ke halatta ƙasaru, babu wanda ke tsayuwa sai da adadi. Malaman fiƙihu suka tsara abin daki-daki: sa'i mudu huɗu, wasaƙi sa'i sittin, nisabin hatsi wasaƙi biyar, dirhami goma daidai da miskali bakwai, zira'i yatsa 24, yatsa ƙwayar sha'ir shida a jere, ƙwayar sha'ir kuwa faɗin gashin alfadari shida. Akwai hikima babba a nan, domin nufinsu shi ne a jingina ma'auni ga halittar Allah wadda kowa ke iya samu a ko'ina, kada a jingina shi ga sandar wani sarki. Rauninsa shi ne sha'irin Hijaz ba sha'irin Iraƙi ba ne, na shekarar damina kuma ba na shekarar fari ba ne.

Saboda wannan rauni aka bi wata hanya ta biyu. Malamai sun ruwaito cewa Alƙali Abu Yusufu, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya zo Madina, gardama ta tashi tsakaninsa da Imamu Maliku a kan girman sa'i, mutanen Iraƙi suna cewa ratali takwas ne, mutanen Madina suna cewa biyar da sulusi. Maimakon doguwar muhawara, sai aka sa jikokin Muhajirai da Ansaru kowa ya kawo sa'in da ya gada daga ubansa, uban daga kakansa, tun zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Aka auna, aka tarar sun yi muwafaka da zancen mutanen Madina, Abu Yusufu kuwa ya koma ga ra'ayinsu. Riwaya ce, lafazinta ya sha bamban daga littafi zuwa littafi, amma al'adar da take nunawa ta bar shaida da ake iya taɓawa. A Fas, zamanin sarakunan Banu Marin a ƙarni na goma sha huɗu, akan ƙera mudun tagulla a rubuta a jikinsa cewa an daidaita shi da mudun wane, wanda aka daidaita da na wane, har silsilar ta tuƙe ga mudun Sahabi Zaidu ɗan Sabitu. Mudun suna nan a gidajen tarihi, farkon silsilar kuwa da'awar masu rubutun ce. Isnadi ne sak irin na hadisi, kuma a ganina duk ilmin awo na zamani, da injinansa da ɗakunan gwajinsa, a kan wannan dabara ya zauna: sikelin mahauci ba shi da hujja sai an san da wane aka gwada shi, shi kuma da wane.

Sarakuna ma sun yi nasu. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 Miladiyya, Halifa Abdulmaliku ɗan Marwanu ya buga dinarin Musulunci mai nauyin miskali guda, kimanin giram huɗu da rubu'i, aka riƙa zuba duwatsun awonsa da gilashi, domin gilashi ba ya tsatsa, kuma ba a iya kankare shi ha'incin bai bayyana ba. Wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amunu ya aiki malaman falaki daga Bagadaza zuwa filin Sinjar, suka yi ta tafiya kudu da arewa suna auna ƙasa suna duban sama, har tsayin tauraron arewa ya sauya da daraja guda, lissafin da malamin falaki Alfargani ya naƙalto kuwa shi ne mil 56 da sulusi biyu a kowace daraja. Awon ya yi kusa da gaskiya ƙwarai. Amma bayan ƙarni shida da rabi Kolumbus ya karanta wannan adadi ya ɗauka milin Rumawa ake nufi, alhali milin Larabawa ya fi shi tsawo nesa, sai duniya ta ƙanƙance a lissafinsa, ya tashi a 1492 yana zaton Asiya na kusa ta yamma. Adadi ya iso shi lafiya, isnadin ma'auninsa ne ya yanke a hanya.

A Turai ta wancan zamani al'amarin ya fi dagulewa. Wani marubucin tarihi na Ingila ya ce Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, da tsawon hannunsa ya tsai da yadi. Ƙarin da ake yi cewa daga hancinsa ne zuwa babban yatsa, ƙawar masu ba da labari ce. Abin da ke rubuce shi ne, a wata yarjejeniya ta 1215 hakimai sun tilasta wa Sarki John ya yi alkawarin mudu ɗaya a dukkan ƙasar, alamar cewa babu shi ke nan. Faransa ta fi kowa shiga ruɗu, domin masana tarihi sun ƙiyasta cewa kafin 1789 akwai sunayen ma'auni wajen 800, a ƙarƙashinsu kuma girma iri-iri har wajen 250,000. Ikon riƙe mudu yana hannun mai ƙasa, shi ne kuma mai karɓar galla, saboda haka da aka nemi talakawa su rubuto koke-kokensu a 1789, ƙauyuka da yawa suka yi kukan cewa mudun ubangida ƙaruwa yake yi, suka roƙi a yi awo ɗaya ga kowa. Daga kukan manoma mita ta fito, kafin ta zama abin malamai.

A 1790 wani ɗan majalisa mai suna Talleyrand ya kawo wa majalisar ƙasar Faransa shawarar a ɗauki tsawon lilon agogo wanda ke kaɗawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Shawarar tana da kyau, sai dai tun 1672 wani masanin taurari mai suna Richer ya je Kayen, kusa da layin da ya raba duniya biyu, ya tarar agogonsa na lilo yana latti da wajen minti biyu da rabi kullum, saboda jan da ƙasa ke yi wa abubuwa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Tilas ke nan a zaɓi wuri guda, zaɓen wuri kuwa siyasa ce. A watan Maris na 1791 kwamitin malaman kimiyya, wanda ya ƙunshi Borda da Lagrange da Laplace da Monge da Condorcet, ya yanke cewa a auna duniya kanta, wadda ba mallakar kowace al'umma ba ce: a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin da ya raba duniya biyu, a kasa shi kashi miliyan goma, kashi ɗaya shi ne mita.

Ba wanda zai iya taka wannan nisa duka, saboda haka aka zaɓi yankin layin zawali da ya ratsa Faris, daga Dunkirk a arewa zuwa Barsalona a ƙasar Sifen. A watan Yuni na 1792 malamai biyu suka tashi, Delambre ya ɗauki arewa, Méchain ya ɗauki kudu, da alkawarin su gamu a garin Rodez. Dabararsu ita ce su hau hasumiyar coci ko ƙololuwar dutse su hangi wasu biyu, su auna kusurwoyi, su saƙa alwatika fiye da ɗari kowace tana riƙe da 'yar'uwarta, sa'an nan su auna gajeren layi biyu kaɗai a ƙasa da sandunan ƙarfe, hisabi ya fitar da sauran. An zaci aikin shekara guda ne ko biyu, sai ya ci fiye da shida, domin ƙasar tana cikin juyin juya hali. An tumɓuke sarki sa'an nan aka fille masa kai. Mutanen ƙauye suka sha kama Delambre suna tuhumarsa da leƙen asiri, gama fararen tutocin da yake kafawa don hange sun yi kama da tutar gidan sarauta. Lavoisier, babban masanin da ke auna nauyin ruwa domin a fitar da kilo, an fille kansa a watan Mayu na 1794. Condorcet ya mutu a kurkuku a wannan shekara.

Labarin Méchain shi ne ya fi taɓa zuciya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Sifen a 1793, aka hana shi fita daga Barsalona, sai ya yi amfani da zaman ya sake duban taurari daga wani masauki a cikin birnin domin ya tabbatar da awonsa na farko. Awon biyu suka saɓa da kimanin kashi uku cikin 3,600 na daraja guda, alhali ya riga ya aika da na farkon Faris. Bai faɗa wa kowa ba. Ya yi shekara goma yana ɗauke da wannan sirri cikin ƙunci, har ya koma Sifen domin ya tsawaita awon, zazzaɓin shawara ya kashe shi a can a 1804. Da Delambre ya ga takardunsa ya gane abin da ya faru, bai ƙone su ba, ya tsara su ya ajiye a taskar gidan duban taurari domin na baya. Ɓoyewar laifi ce, ba shakka, amma mutumin ya rayu ne a zamanin da malamai ke ɗaukar kowane saɓani a awo a matsayin aibin mai awon. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1805, masanin hisabi Legendre ya buga hanyar lissafi ta fitar da adadi mafi rinjaye daga awo masu saɓani, ya kuma gwada ta da alƙaluman wannan tafiya. Tun daga nan masana suka fara koyon cewa kowane awo yana tare da gwargwadon shakkarsa, kuma amana ita ce a bayyana ta tare da shi.

Ranar 22 ga Yuni 1799 aka ajiye sandar mita da curin kilo, dukansu na ƙarfen filatinam, a taskar takardun ƙasa, kilon kuwa an fitar da shi ne daga nauyin lita guda ta tsarkakken ruwa mai sanyi. Daga baya aka gane mitar ta gaza da kimanin humusin milimita, galibi saboda duniya ba ta da siffa mai santsi irin wadda aka zata, shi ya sa rubu'in kewayenta ya zama kilomita 10,002. Ba a gyara ba, kuma daidai aka yi, domin sandar ta riga ta zama asalin da ake kwafa. Su kuwa talakawan da suka yi roƙon, da abin ya zo sai suka ƙi shi, saboda sunayen baƙi ne kuma hannu ya saba da na da. Napoleon ya sassauta a 1812, sai ranar 1 ga Janairu 1840 doka ta wajabta shi a kan kowa.

Har zuwa nan maganar ciniki ce da safiyo. Wanda ya mai da ita maganar fiziks shi ne Gauss, masanin hisabi na Jamus, wanda ya nuna a 1832 cewa ƙarfin maganaɗisun duniya ana iya auna shi da milimita da miligiram da daƙiƙa kaɗai, ba sai an ƙago masa ma'auni nasa ba. Daga nan aka fahimci cewa adadai iri biyu ne, usuli da rassa. Sauri tsawo ne a raba da lokaci. Ƙarfin turi nauyi ne a ninka da yadda sauri ke ƙaruwa. Aiki kuma ƙarfi ne a ninka da tsawo. Idan usulin suka inganta, rassan duka sun inganta. Kasuwanci ya zo ya ƙara matsa lamba, domin wayar tangaraho ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atalantika a 1858 ta mutu cikin 'yan makonni bayan an kashe dukiya mai yawa, a lokacin da injiniyoyi ba su da ma'auni ɗaya na lantarki da za su yi magana da shi. A 1861 aka kafa kwamiti a Ingila wanda masana irin su William Thomson da Maxwell suka yi aiki a cikinsa, a 1881 kuma taron ƙasashe a Faris ya amince da bolt da om da amfiya.

Ganin cewa bai kamata amanar duniya ta zauna a hannun gwamnati guda ba, ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe goma sha bakwai, har da Daular Usmaniyya da Amurka, suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita, aka kafa ofishin awo na ƙasa da ƙasa a Sèvres, bayan garin Faris. A 1889 aka ƙaddamar da sabuwar sanda da sabon curi na filatinam gauraye da ushirin iridiyam, curin tsayinsa milimita 39, faɗinsa ma haka, aka kife shi da ƙoƙunan gilashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗi uku. Ba a koma an sake auna duniya ba, da na 1799 aka daidaita su. Aka raba kwafi ga ƙasashe ta hanyar ƙuri'a, kowace ta riƙa gwada ma'aunan ƙasarta da nata, tana mai da shi Sèvres lokaci-lokaci a duba. Har masu yadi da laba suka shiga silsilar, domin tun 1959 yadi a hukumance mita 0.9144 ne, inci kuma santimita 2.54.

Amma tun 1870 Maxwell ya yi gargaɗi cewa duniya tana iya ƙanƙancewa ko ta sauya juyinta, balle sandar ƙarfe, alhali kowace ƙwayar zarra ta sinadari guda daidai take da 'yar'uwarta a ko'ina kuma a kowane zamani, saboda haka a can ya kamata a nemi ma'auni mai dawwama. Burin masu ƙwayar sha'ir ne ya dawo, wannan karo da ƙwayar da damina ba ta sauya ta. A 1892 da 1893 wani masani mai suna Michelson ya auna sandar Sèvres da jan hasken sinadarin kadmiyam, ya nuna abin mai yiwuwa ne. Yaƙin duniya biyu suka jinkirta aikin, suka kuma tuna wa kowa cewa bom guda yana iya shafe asalin mita. A 1960 babban taron awo na goma sha ɗaya ya sauke sandar, ya ce mita ita ce tsawon igiya 1,650,763.73 na wani haske da iskar kirifton ke fitarwa, ya kuma raɗa wa tsarin duka suna Tsarin Ma'aunai na Ƙasa da Ƙasa. Usulinsa shida ne a lokacin: mita da kilogiram da daƙiƙa, da amfiya ta kwararar lantarki, da kelbin na zafi, da kandela ta ƙarfin haske, a 1971 aka ƙara mol, ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, suka cika bakwai.

A wannan zamani ne tsarin ya game ƙasashenmu. Nijar ta gaji mita da kilo daga Faransawa, Nijeriya kuwa da yadi da laba da galan da mil Ingilishi suka bar ta, sai a shekarun 1970 ta sauya, lokaci guda da barin fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Mudu da tiya ba su bar kasuwa ba, kuma na wannan gari ba lalle ya yi daidai da na wancan ba, abin da ke cutar mai ƙaramin ƙarfi fiye da kowa. Yadin tela kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, isnadinsa a mita ya tuƙe.

Daƙiƙa ta fi daɗewa a jikin duniya, domin ƙarnuka ana ɗaukar ta kashi ɗaya cikin 86,400 na matsakaicin yini, har agogunan ƙarni na ashirin suka fi duniya kiyaye lokaci, aka ga juyinta yana ɗan sauri yana ɗan jinkiri, kuma a hankali jan da wata ke yi wa ruwan teku yana rage shi. A 1956 aka jingina daƙiƙa ga tsawon shekarar 1900, ma'auni mai wuyar riska wanda sai an yi shekaru ana duban wata. Shekara guda kafin haka, a 1955, masana biyu, Essen da Parry, sun riga sun haɗa agogon siziyam na farko mai inganci a Teddington ta Ingila, aka shekara uku ana gwada shi da daƙiƙar masu falaki, sa'an nan a 1967 aka yanke cewa daƙiƙa ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ƙwayar siziyam ke amsawa. Adadin ba zaɓen son rai ba ne, gadon jadawalin falaki ne da aka gina kan duban ƙarni na goma sha takwas da na goma sha tara, lokacin da yini ya ɗan fi na yau gajarta. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun 1972 aka ƙara wa agogon duniya daƙiƙa guda har sau 27, na ƙarshe a daren ƙarshe na 2016.

Da daƙiƙa ta zama mafi ingancin ma'aunai duka, sai aka jingina mita gare ta. A 1983 aka tsai da saurin haske a kan mita 299,792,458 a kowace daƙiƙa, aka ce mita ita ce nisan da haske ke ci a sarari marar iska cikin kashi ɗaya na wannan adadi na daƙiƙa. An zaɓi adadin ne domin sabuwar mita ta yi daidai da ta kirifton, wadda ta yi daidai da sandar 1889, wadda ta yi daidai da ta 1799, har da humusin milimitar nan da ya ɓace tun zamanin Delambre da Méchain.

Kilo kaɗai ya rage a kulle. Da aka fito da shi a 1946, da kuma tsakanin 1988 da 1992, aka gwada shi da kwafinsa, sai aka tarar sun rabu da kimanin mikrogiram hamsin cikin ƙarni guda, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙwayar gero ba. Ƙanƙantarsa ba ta rage girman matsalar ba, domin babu wanda zai iya cewa na asalin ne ya rame ko kwafin ne suka ƙaru, kuma a hukumance shi ba ya kuskure, ko me ya same shi kilo guda ne. Amfiya da mol da kandela kuma duka suna rataye a jikinsa. Mafita ta zo ta hanya biyu. A 1975 Bryan Kibble ya ƙago mizanin da ke auna nauyi da ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda ke haɗa kilo da wani adadi tabbatacce na halitta da Max Planck ya gano a 1900. Wasu masana kuma suka goge dunƙulen silikon tsantsa mai nauyin kilo guda suka ƙidaya ƙwayoyin zarrarsa da hisabi. An ƙi yanke hukunci shekara da shekaru sai da shaidun nan biyu suka yi muwafaka. Ranar 16 ga Nuwamba 2018, a Versailles, wakilan ƙasashe suka amince baki ɗaya a tsai da adadin Planck da wasu uku, na amfiya da kelbin da mol, hukuncin kuma ya fara aiki ranar 20 ga Mayu 2019, shekara 144 cif bayan yarjejeniyar farko. Tun daga ranar kowane ɗakin gwaji mai isassun kayan aiki yana iya fitar da kilo da kansa, ba sai ya aika Sèvres ba, ko da yake ɗakunan da suka kai wannan matsayi har yanzu kaɗan ne, kuma a ƙasashe masu arziki suke.

Yanzu layi ya sake zuwa kan daƙiƙa. Agogunan da ke aiki da ƙwayoyin istironshiyam da itarbiyam sun fi na siziyam inganci wajen ninki ɗari, saboda haka babban taron awo na 2022 ya tsara a nemi sabuwar ma'anar daƙiƙa wajen 2030, ya kuma yanke cewa zuwa 2035 za a sauya al'adar ƙara daƙiƙa guda, wadda ke rikita kwamfutoci da hanyoyin sadarwa. Daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya kafin a sauya akwai cewa sai sababbin agogunan ƙasashe dabam-dabam sun yi daidai da juna a gwaji, kuma sai an auna su da agogon siziyam an tabbatar sabuwar daƙiƙa ta ci gaba daga inda ta 1967 ta tsaya.